Bugun Ƙwallo Daga Ƙugu Yake Farawa

Mai girma shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

An nemi in yi bayani a kan abin da kowannenmu ya yi sau dubbai a filin makaranta, wato bugun ƙwallo. Da yawa suna ɗauka ƙarfin bugu a ƙafa yake, alhali kuwa daga ƙugu yake tasowa.

Ga yadda abin yake. Ɗan wasa yakan tunkaro ƙwallo ta gefe kaɗan, ya dasa ƙafa ɗaya dab da ita, yatsunsa suna kallon inda yake so ta tafi. Sai ƙugu ya juya, cinya ta taho da gudu, gwiwa tana lanƙwashe. Da cinya ta fara sassautawa, sai ƙwauri ya fizgo gaba, kamar yadda bakin dorina yake fin hannun mai riƙe da ita sauri. Waɗanda suka ɗanɗana ta a nan makarantar sun gane nufina.

Haɗuwar ƙafa da ƙwallo ba ta wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na sakan ba, ƙwallon manya kuwa nauyinta giram 410 zuwa 450 ne. Don haka dole idon sawu ya ƙage, a buga da saman ƙafa, wajen igiyar takalmi. In ka sunkuyo a kanta sai ta tafi ƙasa-ƙasa, in ka gantsare sai ta tashi sama. Ku tuna ƙwallon da Sunday Oliseh ya zura wa Sifen daga nesa a 1998, ranar da Nijeriya ta yi nasara 3 da 2.

Idan kuma aka bugi gefenta, sai ta tafi tana juyawa, iska ta tura ta gefe guda. Bajamushe Gustav Magnus ya bayyana wannan a 1852, shi ne kuma sirrin bugun tazarar da Roberto Carlos ya ci Faransa da shi a 1997.

To, ina ruwanmu? Yaranmu a Gwarzo da Kabo suna wasa a tsandauri, da yawa ba takalmi, da ƙwallon manya, suna dungurinta da babban yatsa. Sakamakon shi ne targaɗe da ciwon gwiwa. Ina roƙon wannan ƙungiya ta sayo wa 'yan ƙananan azuzuwa ƙwallo mai lamba 4, ta baje filin kafin damina, sannan malamin kimiyya da na wasanni su riƙa fita fili tare. Ahmed Musa, wanda ya ci Iceland biyu a 2018, ta Kano Pillars ya biyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.