Tocilar Masu Kutsawa Kufai da Ramukan Birni

Ga masu sha'awar kutsawa tsofaffin masana'antu, kufai da ramukan ƙarƙashin birane, babu kayan aikin da ya kai tocila muhimmanci. A birnin Paris na Faransa, inda tsofaffin ramukan haƙar dutse suka kai kusan kilomita 300, an hana shigarsu tun 1955, amma har yau ana shiga a ɓoye. Wanda tocilarsa ta mutu a can ko tafin hannunsa ba zai gani ba.

Ana auna ƙarfin hasken tocila da lumen. Masu talla kan yi kurin lumen dubu-dubu, alhali irin wannan haske yana sa tocila ta ɗau zafi, ta rage ƙarfi cikin 'yan mintuna, ga kuma cin batir. Lumen 200 zuwa 500 sun wadatar a cikin gini, muddin hasken yana bazuwa. Siririn haske mai dogon zango yakan haska bango can nesa, ya bar ramin da ke gaban ƙafa cikin duhu. Tocilar goshi ta fi ta hannu, domin hawa tsani sai da hannu biyu.

Batirin lithium samfurin 18650 yana daɗewa, ana kuma cajinsa. Na AA bai kai shi ba, sai dai ana samunsa a kowane kanti. Alamar IPX7 tana nufin tocilar za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Gogaggu kan riƙe tocila ta biyu a aljihu, su bar cajin waya don neman agaji.