Abin da Ya Wajaba Kafin a Tayar da Sabon Injin Jirgin Sama Haɗin Gida



Hukumar jiragen sama ta Amurka ta yarje wa mutum ya tashi da jirgin da ya haɗa a garejinsa, bisa sharaɗin fiye da rabin aikin ya fito daga hannunsa. Wannan fanni kuwa bai yi mana nisa ba, domin jirgin horo na Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna an ɗauko shi ne daga samfurin RV-6A, da injin Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180.

Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne, duk wanda ya shafe shekaru yana ɗaure noti, har ranar da yake ɗoki ta zo, maƙwabta suka taru suna jiran jin ƙara, to lalle wajibi ne ya danne zuciyarsa, kada wuta ta shiga silinda sai mai ya ba da shaida. Sai ya kwance fulogi, ya tsiyaye man ajiyar da aka zuba don tsare ƙarfe daga tsatsa, ya zuba baƙin mai tsantsa wanda ba a gauraya da sinadarai ba, sa'an nan ya juya injin haka nan ba wuta, idonsa a kan ma'aunin mai, har allurar ta ɗaga. Hikimar a fili take: ƙarfen da ya gogi ɗan'uwansa a bushe yakan yi rauni cikin daƙiƙoƙi, raunin kuma wani lokaci ba ya bayyana sai jirgi yana sama.

Fetur ma sai an yi masa tahakiki. A ɗaga hancin jirgin kamar yana hawa, a bar ɗan kaɗan a tanki, a cire tiyo daga kafireta, a tara a auna. Idan gangarowa yake da kansa, sai ya kai kashi 150 cikin 100 na abin da injin ke sha lokacin tashi, in famfo ke turo shi, kashi 125. Ina ganin nan aka fi sakaci, alhali ɗan ɓurɓushin roba da ya maƙale a matata ya isa ya shaƙe inji.

Wayar da ke kashe maganeto, a tabbata ba ta tsinke ba, don in ta tsinke farfela tana iya tashi da taɓawar hannu ko da makulli na aljihu.

Ranar tayarwa, a ɗaure wutsiya da igiya, a sa waigi a tayoyi, wani ya tsaya da tukunyar kashe gobara, a kuma nemi wani bakanike ya sake bin kowane noti da idonsa. In daƙiƙa 30 ta cika allurar mai ba ta motsa ba, a kashe nan take. In ta motsa, a taƙaita gudun, domin injin da iska ke sanyaya shi ba ya samun isasshiyarta a ƙasa.