Bashi Ne Ko Jari? In Kuɗi Ya Shiga Tsakanin Surukai

Gaisuwa ga makiyaya da ke mashaya, da fatake masu bin hanyar Kurmuk da Gaisan, da mutanen Rusairis, Wad al-Mahi, har zuwa Mai Wurno. Shirinmu na wannan mako a kan rigimar kasuwanci ce, irin wadda ke tashi a cikin gida ɗaya.

Wata baiwar Allah daga nan Damazin ta aiko mana da saƙo, ta roƙi a ɓoye sunanta. Yayanta ya karɓi kuɗi a hannun wan mijinta domin ya saro sukari da fulawa da man girki daga Sinnar. Sai aka yi rashin sa'a. Kun tuna a ƙarshen watan Yuni na 2024 yaƙi ya iso Sinja, hanya ta yanke, ba a sake karɓe garin ba sai a watan Nuwamba. A wannan hargitsi kayan suka salwanta. Yanzu mai kuɗi yana cewa rance ya bayar, a biya shi. Yayanta kuma yana cewa jari ne aka ba shi ya juya su raba riba. Babu takarda, babu shaida. Sun daina gaisawa, an fara zancen kotu. Ita kuwa can gidan iyayenta ne, nan gidan aurenta. Ta ce, "Malam, ko barci ba na iya yi. Ya zan yi?"

To 'yar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Abu na farko, gardamar mutanen nan biyu a kan tambaya guda take: bashi ne ko jari? Malaman Malikiyya, mazhabar da mafi yawanmu ke bi, sun bambanta su sarai. In bashi ne, wanda ya ci shi zai biya, ko kaya sun iso ko ba su iso ba. Sai dai in yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu, kamar yadda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta koyar. In kuwa jari ne, wato abin da littattafan fiƙihu ke kira ƙiradi, riba ake rabawa yadda aka shirya, asara kuma a kan mai dukiya take, shi mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza. Ba a ɗora masa biya sai in ya yi sakaci ko ya karya sharaɗi, misali an ce kada ya bi hanya kaza ya bi.

Saboda haka akwai abubuwan da za a bincika. An yi zancen rabon riba ranar da aka miƙa kuɗin? A tafiye-tafiyen baya mai kuɗi ya taɓa karɓar kasonsa? In ya saba cin riba, da wuya yau a kira kuɗin rance. In ta Bankak aka tura, ranar da adadin suna nan a waya. Saƙon murya ma shaida ne, kada a goge.

Abu na biyu, wa zai yi wannan bincike? Ba ke ba, 'yar'uwa. In kika yanke hukunci, ko yaya ya ce kin bi miji, ko dangin miji su ce kin bi jini. Amma kina da abin da duk su biyun ba su da shi: ke kaɗai ke shiga gidajen nan biyu ba a tambaye ki me ya kawo ki ba. Ki fara da mijinki, ki nemi yardarsa. Sannan ki je wurin baffanku ko kawunku, wanda yaya ke jin nauyinsa, shi kuma ya nemi dattijon ɗaya gidan. Kada ki ɗauki maganar zafi daga nan ki kai can. Abin da aka faɗa cikin fushi, ki bar shi inda kika ji shi.

A nan Sudan muna da judiyya, zaman sulhun da ajawid ke yi, wato dattawan da kowane ɓangare ya amince da su. Ana iya sa limami, ko shehun unguwa, ko wani tsohon ɗan kasuwa da ya san farashin wancan lokaci. Wannan na ƙarshe yana da amfani ƙwarai, domin fam ya faɗi tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kuma dole a daidaita a kan me za a yi lissafi. Sau da yawa ajawid kan raba asara: mai kuɗi ya yafe wani abu, ɗayan ya biya saura kaɗan-kaɗan, bayan girbin riɗi ko in ya sayar da raguna. Kotu tana nan in sulhu ya gagara, amma alƙali kuɗi zai raba, ba shi zai zaunar da su a tabarma ɗaya ranar suna ba.

Me ya sa muke cewa a gaggauta? Mu da muka ga abin da ya faru a jihar nan a Yuli da Oktoban 2022, rayukan da aka rasa da dubban mutanen da suka bar gidajensu, mun san magana ba ta tsayawa inda ta fara. Yau tsakanin surukai ce. Gobe abokin cinikinka na wata ƙabila ne, ko daga tsallaken iyakar Habasha, sai ka ji samari sun mai da rigimar buhu goma ta zama ta jama'a.

Ku kuma fatake da masu ba da kiwo, darasin naku ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kafin kuɗi ko dabba ta bar hannunka, a faɗa da baki: rance ne ko jari, kashi nawa, wa ke ɗaukar asara in hanya ta rufe, da fam za a biya ko da bir. A rubuta, mutum biyu su shaida. Wani zai ce, "Haba, ɗan'uwana ne fa!" Ai shi ya sa. Baƙo in kun ɓata kowa ya kama gabansa, ɗan'uwa kuwa kuna tare a biki da makoki.

Wanda ya taɓa zama cikin ajawid a irin wannan magana, ya aiko mana yadda suka warware, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu zaman lafiya. A huta lafiya.