Abin da Annobar Korona ta Bari a Bayanta: Jawabin da Aka Gabatar a Shango, Minna



Minna ba baƙuwar annoba ba ce. A shekarar 1918, mura mai kisa wadda kakanninmu suka kira marisuwa ta sauka a Ikko daga jiragen ruwa, ta bi hanyar dogo zuwa Arewa, ga shi kuwa garin nan mahaɗar jiragen ƙasa ne. Bayan shekara ɗari da biyu sai ga wata. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya. Cikin watan Maris aka rufe makarantu, har da Kwalejin Ilimi da ke nan Shango, aka kafa dokar hana fita, aka taƙaita sallar jam'i. Maniyyatanmu ba su sauke farali ba a 2020 da 2021.

Ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa cutar. Amma fa janyewar ba ta mayar da al'amura yadda suke dā ba.

Wasu canje-canjen alheri ne. Ɗakunan gwajin cututtuka, waɗanda a farkon annobar ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, sun yaɗu zuwa jihohi. Ma'aikata sun koyi yin taro ta waya da intanet. Mai shago da mai sayar da hatsi sun fara sabawa da karɓar kuɗi ta waya, ko da yake ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 shi ne ya ƙarasa wannan aiki. Bokitin wanke hannu da ke ƙofar makarantu da ofisoshi kuwa, mu faɗi gaskiya, yawancinsa ya koma na wanki.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne na yara. Makarantu sun yi wajen wata shida a rufe. An yi ta ba da darussa ta rediyo da talabijin, amma yaron da aka tura gona ko yarinyar da aka ɗora wa talla ba su ji ba, wasunsu ma ba su sake komawa aji ba.

Na biyu shi ne rigakafi. A watannin kulle iyaye mata da yawa sun ƙaurace wa asibiti, jita-jitar da aka baza game da allurar korona, wadda ta iso ƙasar nan a Maris 2021, ta shafi har alluran jarirai da muka daɗe da amincewa da su. Daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke, ta fi tsanani a Kano, kuma akasarin waɗanda ta kama yara ne da ba su cika rigakafinsu ba. Cuta ce da allura ke hanawa tun zamanin iyayenmu.

Saboda haka muna roƙon kowane maigida ya nemi katin rigakafin 'ya'yansa yau, musamman waɗanda aka haifa daga 2019 zuwa 2022. Idan akwai gurbin da ba a cike ba, ko katin ya ɓace, a kai yaron asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ma'aikacin lafiya zai duba abin da ya rage. Alluran rigakafin yara kyauta ne a asibitocin gwamnati, kada wanda ya biya ko kwabo.