Harajin Mota: Tsakanin Tsohuwa da Sabuwa, Wa Ya Fi Biya?

Jawabin kwamitin jin daɗin malamai a taron reshen Haɗeja



An ɗora mana nauyin yin bayani kan tambayar da mambobi suke yawan kawo mana, musamman masu neman rancen sayen abin hawa: shin harajin tsohuwar mota ya fi na sabuwa sauƙi? Tambayar ta shafe mu ƙwarai, domin da wuya a sami malamin da ya taɓa sayen mota sabuwa fil. Abin da albashinmu yake iya kaiwa shi ne 'yar Beljiyam, ko kuwa ta hannu wadda ta riga ta zaga gidaje biyu ko uku.

Ƙasashe sun sha bamban a kan wannan al'amari. A Birtaniya, motar da aka yi wa rajista kafin 1 ga Maris 2001 ana yanka mata haraji gwargwadon girman injinta, wadda ta biyo baya kuma ana duba yawan hayaƙin da take fitarwa, sa'annan wadda ta haura shekara 40 ana yafe mata. Japan kuwa ƙara wa motar fetur haraji take yi idan ta wuce shekara 13.

A nan gida, dokar rabon haraji ta 1998 ta ba jihohi ikon karɓar harajin hanya. Lasin motar da muke sabuntawa kowace shekara ana yanka shi ne bisa nau'in motar da girman injinta da irin aikin da take yi. Don haka tsohuwa da sabuwa, muddin injinsu ɗaya ne, kusan kuɗinsu ɗaya a wannan teburi. Haka inshora: tun daga 1 ga Janairu 2023 mafi ƙarancinta ga motar gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000, ba tare da an tambayi shekarun mota ba.

Inda shekaru suke magana shi ne wajen fito. A 2022 hukumar kwastan ta fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfenta, wadda take bayyana shekarar da aka ƙera ta, kuma ƙa'ida ba ta yarda a shigo da motar da ta wuce shekara 12 ba. Kafin wannan, tun 1 ga Janairu 2017, gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Mu da ba mu da nisa da iyakar Maigatari ya kamata mu kula. Motar da ta biyo daji ba a biya mata fito ba tana da araha ranar ciniki, amma ko bayan shekaru ana iya tsare ta a shinge a ƙwace. Mota ta tafi, rance kuma yana nan ana yanka daga albashi duk wata. Araha ba ta ado.

Akwai kuma wani haraji da ba a ba da rasiti a kansa, shi ne wanda hanya take karɓa da kanta. Kowa a ɗakin nan ya san yadda damina take a fadamar kogin Haɗeja. A ambaliyar 2020 da ta 2022 ruwa ya ci gonaki da gidaje, ya yanke hanyoyi a yankunan Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri. Malamin da aka tura makarantar ƙauye a waɗannan wurare, shi ne yake shiga taɓo da safe ya fito da yamma. Sabuwar mota mai tsayin ƙafa tana haye rami ta wuce. Tsohuwa kuwa a nan take barin salansa ko shakazoba, ko ruwa ya shiga injin, a kwana a wajen bakanike. Ga shi kuma ta fi shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 wannan bambanci ya zama abin da tukunyar gida take ji. Idan aka haɗa lissafin shekara, sau da yawa mai tsohuwar mota ne ya fi biya, alhali shi ne mai ƙaramin ƙarfi. Ranar da motar ta kwanta kuma, ɗalibai ne suke zama babu darasi.

Saboda haka muna gabatar wa taro shawarwari uku. Na farko, kada asusun rancenmu ya saki kuɗin mota sai an kai takardun fito ofishin kwastan an tabbatar da ingancinsu. Na biyu, kowannenmu ya raba kuɗin lasin da inshora gida 12, ya riƙa ware kashi ɗaya duk wata, ya kuma biya a ofishin hukumar tattara kuɗaɗen shiga ya karɓi rasiti, ya guji 'yan kan hanya masu takardun jabu. Na uku, wakilin kowace makaranta ya rubuto mana hanyoyi da kwalbatocin da suke hana malamai da ɗalibai isa aji, mu tattara su takarda guda, mu miƙa wa ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu kafin saukar ruwan fari. Wanda ya biya harajin hanya yana da bakin tambayar gyaranta, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna roƙon a tattauna waɗannan shawarwari kafin a tashi. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa albarka a abin da muke samu.