Jawabin taron 'yan Bazaga a kan tazargade da massassara

Iyayenmu dattawa, malamai, da ku 'yan'uwa da kuka dawo daga bida, na Abijan da na Kwatanu da na Legas, barkanku da zuwa.

Maganar tazargade ce ta tara mu. Tun 2020, lokacin korona, da ƙasar Madagaska ta fito da ruwanta cikin kwalba, ɗan bida ba ya aiko saƙo gida sai da ƙullinta. Iyayenmu mata kuwa, da jikin jika ya yi zafi sai a ɗora tukunya. Damanar bara mun ga yaron da aka kwana 4 ana ɗura masa ita, sai da ya fara jijjiga aka nemi mota zuwa Galmi. Da sauran kwana, ya tashi, amma sai da aka ƙara masa jini, uban ya sayar da tumaki biyu.

Ba mu ce ciyawar banza ce ba. Mutanen Sin sun daɗe suna maganin massassara da wani irinta. A 1972 wata mace mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka ciro ainihin maganin daga ganyen, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Ƙwayar Coartem da ake ba mu a likita, nan ne tushenta.

To ina bambancin? Awo ne. Wani ganyen ya fi wani ƙarfi har sau 100, gwargwadon iri da ƙasa da ajiya, kuma ba duk abin da ake kira tazargade a kasuwa ne irin na Sin ba. Tafasawar da muke yi ma rage shi take. Ita kanta matar sai da ta bar tafasa ganyen sannan ta dace. Maganin kuma ba ya daɗewa a jini. Zafi ya sauka, uwa ta ce an warke, alhali ƙwayoyin cutar da suka saura suna nan suna cin jinin yaro. Don haka aka haɗa ƙwayar likita da magani na biyu mai daɗewa, ya ƙarasa su. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da shan jiƙon ganyen ba, don rabin magani yana sa cuta ta saba. Dattawa kun tuna nibakin, yadda ya yi aiki ya daina. A 2020 an ga alamar haka ga wannan maganin a Ruwanda.

Ga awon, ku riƙe. A fara da gwajin jinin yatsa, a auna nauyin yaro. Kilo 5 zuwa 14, ƙwaya 1 kowane sha. 15 zuwa 24, ƙwaya 2. 25 zuwa 34, ƙwaya 3. Daga 35 zuwa sama, 4. Sha 6 ne cikin kwana 3: na biyu awa 8 bayan na farko, sauran safe da dare, da nono ko abinci mai maiƙo. In ya amayar kafin awa guda, a sake ba shi. Kada a rage don a aje wa ƙane. Mai ciki, da yaron da ba ya iya sha ko yana jijjiga, a kai su likita nan take, ko tsakar dare ne.

Ku masu komawa bida, kuɗin ƙullin nan ku bar shi hannun uwar yara, na mota ne da na magani. Ma'aji zai rubuta sunayen masu babur da suka yarda a tashe su da dare, bayan sallar la'asar.

Wassalam.