AUDU BAKO DA RUWAN KANO: MA'AUNIN AIKIN GWAMNA



Kowane gwamna da ya hau karaga yakan ɗauki alkawarin yi wa jama'a hidima, amma alkawari ba shi da wuyar faɗi. Inda ake gane gaskiyar mai mulki shi ne abin da ya sa a gaba sa'ad da buƙatu suka yi yawa, kuɗi kuwa suka kasa. A kan wannan ma'auni ne laccar yau za ta ɗora mulkin Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano.

A watan Mayu na 1967 gwamnatin Yakubu Gowon ta raba Nijeriya jihohi 12, aka danƙa wa Audu Bako Kano, wadda a wancan zamani ta haɗa har da ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991. Jihar da ya tarar tana da ɗimbin jama'a, gonaki sun yi wa manoma kaɗan, damina kuwa 'yan watanni ce. Da an gama kaka sai majiya ƙarfi su bazama cin rani. Gwamnan ya lura cewa talaucin manomin Kano ba na ƙasa ba ne, ba kuma na lalaci ba ne, na ruwa ne, watau ruwan da kan sauka da damina ya wuce ba wanda ya tare shi.

Saboda haka ya mai da tare ruwa babban aikinsa. Aka fara da madatsar Bagauda, sa'an nan aka gina ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Daga Tiga aka ja magudanai zuwa Kadawa da Kura, inda aka shiga noman rani na alkama da tumatir da shinkafa. Farin da ya auka wa ƙasar Hausa a 1972 da 1973, ya hallaka dabbobi ya ƙone amfanin gona, shi ya nuna wa masu ganin aikin almubazzaranci ne cewa gwamnan ya yi hangen nesa. Shinkafar da Kura ta shahara da ita, ruwan Tiga ne mafarinta.

Amma fa ilmi bai yarda da yabo tsagwaronsa ba. Ruwan da aka tare a Tiga, shi ne dā yake gangarawa ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, manomin fadama da masunci da makiyayi duk su samu rabonsu. Da aka tare shi, aka kuma ƙara da madatsar Calawa a 1992, sai ambaliyar damina ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kifi da makiyaya suka ja baya. Har ila yau, akwai ƙauyukan da aka tasa domin tafki ya zauna. Ashe abin da ya zama arziki a sama ya zama asara a ƙasa, alhali kuwa mutanen Haɗeja talakawan gwamnan ne kamar na Kura. Bugu da ƙari, bayan juyin mulkin Yuli 1975, binciken da gwamnatin Murtala Muhammad ta yi ya wanke gwamnoni biyu ne kaɗai cikin 12, na Legas da na Yamma.

Duk da haka, Audu Bako ya rasu a 1980, amma sunansa bai bar bakin Kanawa ba, domin ya zaɓi aikin da ya san amfaninsa zai kai ga waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Darasin da ke nan ga ma'aikaci da ɗalibi biyu ne. Na farko, gwamnan da ya ce kome ne a gabansa, ba abin da ke gabansa. Na biyu, wajibi ne ma'aikacin da aka miƙa wa fayil ɗin babban aiki ya tambaya, kafin ya sa hannu, wa zai sha ruwan nan, wa kuma za a hana. Allah ya sa mu dace.